Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Sarakunan Zango da Limaman Kumasi a Kan Kiwon Manyan Karnuka

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe, iyayenmu sarakuna, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu limamai, Allah ya gafarta muku, ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.

Bayan gaisuwa da neman afuwa, na zo da maganar da ba a saba kaiwa fada ba, ba a kuma saba jin ta a kan mumbari ba, wato maganar kare. Na san ba abu ne da yaro ke tayarwa a gaban manya ba, amma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Manyan karnuka sun cika unguwanninmu, daga Aboabo zuwa Asawase, Sawaba, Akwatia Line da Yalwa. 'Ya'yanmu ne ke kiwonsu, su haɗa su barbara, su tallata kwikwiyo a Facebook da TikTok da WhatsApp. Abin ya zama sana'a sosai, sana'ar kuma ba ta da mai tsawatarwa. Mu mahauta muna da Sarkin Fawa. Direbobi suna da shugabannin tasha. Dillalan shanu suna da wanda ke raba musu gardama idan ciniki ya ɓaci. Masu kiwon dabbar da za ta iya halaka mutum kafin a kawo ɗauki su kaɗai ne babu mai kiransu ya tambaye su yadda suke yi. Manya sun kau da kai saboda ƙyamar kare, yara kuma sun ɗauki shirun a matsayin izini.

Ni mahauci ne, kuma ina da karnuka a garken da muke tsare shanu a bayan gari. Ba na gaba da kare, ba na kuma gaba da samarin nan. Yawancinsu halak suke nema a lokacin da aiki ya yi wuya, kuma ɓarayin babur da na raguna ba tatsuniya ba ne, kowa ya san abin da ke faruwa idan Layya ta gabato. Wanda ya nemi abin da zai tsare masa gida bai yi laifi ba. Kukana a kan yadda ake yin abin ne.

Ranku ya daɗe, waɗannan ba karnukan da muka taso muna gani ba ne, masu ramammen ciki da ke bin bola, a daka musu tsawa su arce. Wanda aka fi yayi yanzu shi ne Boerboel. Manoman Afirka ta Kudu ne suka samar da irinsa don tsaron gidan gona, kuma namijin da ya ƙosa yana kai kilo 70, wani ma ya haura 80. Aikina awon nama ne, na san abin da kilo 70 ke nufi. Ya fi da yawa daga cikin samarin da ke riƙe da igiyarsa nauyi. Akwai Rottweiler, wanda asalinsa karen mahauta ne a garin Rottweil na Jamus, yana kora shanu zuwa kasuwa yana jan amalanken nama. Akwai German Shepherd, da aka kafa irinsa a Jamus a 1899 don kiwon tumaki kafin 'yan sanda da sojoji su ɗauke shi. Sai Caucasian mai gashi buzu-buzu, ɗan duwatsun Jojiya da Armeniya da kudancin Rasha, inda yake kwana cikin ƙanƙara yana tsare tumaki daga kyarkeci. Kowanne a cikinsu an yi shi ne don aiki. Jininsa na neman fili, da abin yi, da ubangida mai ba da umarni. In ya rasa waɗannan, ƙarfinsa yana nan bai je ko'ina ba, sai dai ya nemi inda zai sauke shi.

Daga kan teburin nama nake ganin rabin matsalar. Da yamma idan ciniki ya lafa, sukan zo da bokiti ko leda baƙa. Wani ya ce mini, "Baba, a haɗa mini tarkace na sidi 20." Na zuba masa huhu da ɗan tumbi da guntayen ƙashi, na tambaye shi karnuka nawa zai ba. Ya ce uku, har da karya mai ciki. Abin da ke cikin ledar nan ba zai ishi ɗaya daga cikinsu ba. Kare mai kilo 70, in nama da haɗi ake ba shi, yana buƙatar wajen kilo ɗaya da rabi kowace ranar Allah, da ranar samu da ranar rashi. Ragowar cikin sai a cike shi da ƙanzo da sauran wake da shinkafa daga wurin masu abinci, cike da barkono da gishiri da albasa. Albasa tana lalata jinin kare a hankali. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya zama tsinke, ya huda hanji. Da na faɗa wa yaron nan haka, sai ya tsaya yana kallona, ya ce wallahi ba wanda ya taɓa gaya masa. Na yarda da shi, domin wanda ya sayar masa da kwikwiyon ma bai sani ba.

Na shiga wani gida a watan Maris, lokacin da zafin Kumasi ke kan ganiyarsa, na kai nama na suna. A bayan banɗaki akwai keji da aka rufe da kwano sama da gefe. A ciki Caucasian ne kwance a kan siminti cikin kashinsa, harshe a waje, haƙarƙari na ɗagawa da sauri, kwanon ruwan ya kife tun safe ba wanda ya kula. Kunnuwansa cike da kaska, wasu sun ƙoshi har sun yi fari. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafi, kuma wannan an halicce shi da bargo biyu a jiki don ƙasar sanyi. Mai shi ya ce da ni cikin alfahari kada in matso, karen yana da zafin rai. Abin da na gani a kejin nan wahala ce, dabba ce da ake azabtarwa ba tare da an san ana azabtar da ita ba. Ranar da ƙofar kejin ta buɗe bisa kuskure, wanda ke kusa shi zai biya, kuma a gidajenmu wanda ke kusa yaro ne.

Ɗaya rabin matsalar a wurin haɗa barbara take, kuma a nan nake so in daɗe, domin nan ne tushe. Karya tana neman namiji kusan sau biyu a shekara, cikinta kwana 63 ne, kuma Boerboel tana iya zuba kwikwiyo takwas ko goma a haihuwa ɗaya. Saurayi ya yi lissafin kuɗin kwikwiyo goma sau biyu a shekara, sai ido ya rufe. A haɗa karya tun ba ta cika shekara ba, alhali irin waɗannan manya ba su gama girma sai sun doshi shekara biyu. A haɗa ta wannan karo, a haɗa ta karo na gaba, ba hutu, har nononta ya zube ƙashinta ya fito. Don gudun biyan kuɗin namiji a wani wuri, a haɗa uba da 'yarsa, ko wa da ƙanwarsa. Duk makiyayi ya san abin da hakan ke haifarwa a garke. Akwai lahanin ƙugu da manyan karnuka ke gada, inda kan ƙashin cinya ba ya zama daidai a mazauninsa, kwikwiyo ya taso lafiya lau, yana girma ya fara ɗingishi, daga baya tashi ma ya gagare shi. Masu kiwo na gaskiya suna ɗaukar hoton ƙashin iyaye kafin su haɗa su. A wurinmu girman kai da faɗin ƙirji kawai ake dubawa.

Hali ma ana gadonsa. Namijin da ya fi kowa faɗa, wanda ko mai shi ba ya iya taɓawa, shi ake rububi a kai wa karya, don an ce 'ya'yansa sun fi tsada. Wannan kuskure ne babba. Karen tsaro na ƙwarai natsattse ne. Yana kwance yana kallo, ya san 'yan gida, ya san baƙon da maigida ya shigo da shi, in an ce ya bari ya bari. Wanda ke zabura a kan kowane motsi yawanci tsoro ne ke cinsa, kuma matsoracin kare ba ya bambance ɓarawo da yarinyar da aka aiko karɓar wuta.

Sannan a raba kwikwiyo da uwarsa yana da sati huɗu ko biyar, don mai saye ya matsa, ko don abinci ya yi tsada. Bai kamata ya bar uwa ba sai ya cika sati takwas. A cikin waɗannan makonni ne yake koyon sassauta haƙori: ya ciji ɗan'uwansa da ƙarfi, ɗan'uwan ya yi ƙara ya daina wasa da shi, ya matsa wa uwa ta ture shi. Wanda aka cire da wuri bai ɗauki wannan darasi ba, kuma ba mai koya masa shi daga baya kamar yadda uwa za ta yi. Daga sati uku zuwa wajen sati 14 kuma shi ne lokacin da kwikwiyo ke sanin duniya. Abin da ya gani a lokacin ya saba da shi, yara, mata masu hijabi, akuya, ƙarar babur, zai ɗauke shi abin yau da kullum har ya mutu. Abin da bai gani ba zai iya zama masa abin tsoro. To mu a daidai wannan lokaci ne ake kulle shi a ɗaki mai duhu don kada ya saba da mutane, wasu har barkono suke zuba masa a abinci wai ya yi zafi. Daga duhu sai sarƙa, ya shekara a ɗaure a gindin katanga, yara na wucewa suna jifansa da dutse. Da hannunmu muke gina abin da muke tsoro.

Masu saye ma ana cutarsu. Mutum ya tara kuɗi ya sayi kwikwiyo da katin rigakafi da aka cike da biro a ɗaki, bayan kwana kaɗan amai da gudawa mai jini su kama shi, cutar parvo ke nan, ya mutu a hannunsa. Rigakafin kwikwiyo ana fara shi ne daga sati shida zuwa takwas, a riƙa maimaitawa har wajen sati 16, na haukan kare kuma idan ya kai wata uku. Maganin yana son sanyi tun daga inda aka yi shi har zuwa allura. Wanda ya yini a aljihun wani, ko ya kwana a firjin da aka ɗauke wa wuta tun jiya, ba a dogara da shi. Shi ya sa aikin na likitan dabbobi ne, mai sa hannu da hatimi.

Ranku ya daɗe, ku dubi yadda muke zaune. Gidan haya ɗaya, iyali goma ko fiye, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, ƙofa ɗaya da ba ta rufuwa daga asuba zuwa dare. Lungunanmu mutum biyu ba sa jerawa sai ɗaya ya raɓe. Babu wanda zai kawo bijimin sa ya ɗaure a irin wannan tsakar gida maƙwabta su yi shiru, amma ana ajiye kare mai kilo 70 kowa ya haɗiye maganarsa don gudun rigima. Na ga saurayi ya fito da Boerboel yawo da la'asar sakaliya, daidai lokacin da aka tashi yara daga makaranta. Siririyar igiya ce a hannunsa, ba takunkumi. Karen ya hango akuya ya ja, silifas ɗin yaron na zamewa a kan ƙasa, ya riƙe igiyar da hannu biyu yana kiran sunan karen, karen ko waiwaye. Yara suka watse, wata ƙarama ta faɗa kwata da allonta. Allah ya tsare ranar.

Wata ranar kuma abin ya auku. Yarinya ce 'yar talla, ta shiga wani gida da farantin ƙosai kamar yadda ta saba, ba ta san an saki kare ba. Ya kama ta a cinya. Kafin a kai ta asibiti an riga an shafa mata toka da wani ganye, an ɗaure da tsumma. Da aka nemi katin rigakafi, babu. Da aka nemi karen washegari, an ce an kai shi ƙauye. Uwar yarinyar, mai suyar ƙosai a bakin titi, ita ta bi dangi tana haɗa kuɗin allurai. Mai karen ya aiko da gaisuwa.

Ɓatar da karen nan ya fi cizon muni, kuma ga dalili. Idan kare ya ciji mutum, ana tsare shi a sa masa ido kwana 10. In ya wuce kwanakin lafiya ƙalau, hankali ya kwanta cewa ba ya ɗauke da ciwon hauka a yawunsa lokacin cizon. In aka kashe shi aka jefar, ko aka gudu da shi, an rufe wannan ƙofa. Ciwon haukan kare kuwa ba a wasa da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum 59,000 a shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta hanyar kare, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar tana bin jijiya a hankali zuwa ƙwaƙwalwa. Yawanci wata biyu zuwa uku take ɗauka, wani lokaci sati ɗaya, wani lokaci har shekara. Ciwon ya warke, kowa ya manta, sai wata rana yaro ya fara zazzaɓi, ya ga ruwa ya firgita, maƙogwaro ya riƙa shaƙewa. A lokacin sai a ce iska ce ko sammu, a yi ta yawon neman magani. Da zarar alamun sun bayyana, kusan babu mai tashi.

Abin baƙin cikin shi ne maganin hana wannan ya daɗe a duniya. Tun 1885 Louis Pasteur ya yi wa wani yaro ɗan shekara tara allurar a Faransa bayan mahaukacin kare ya cije shi, yaron ya rayu. Abin da ake buƙata kowace uwa a Zango ta sani bai fi a faɗe shi a numfashi ɗaya ba: a wanke wurin cizon da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, kada a zuba toka ko barkono ko ganye, kada a ɗaure, a tafi asibiti a ranar, a kuma kammala alluran ko da ciwon ya rufe. Yaƙushi ma haka, ko lasa a kan buɗaɗɗen ciwo. Idan limami ya faɗi wannan bayan sallar Juma'a, zai isa kunnuwan da takardar asibiti ba ta taɓa isa ba.

Allah ya gafarta malamai, yanzu na shigo fagenku, kuma abin da na tsinta ne a karatun zaure. Daga bakinku muka ji cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi izinin riƙe kare don farauta, da tsaron dabbobi, da tsaron gona, wanda kuma ya riƙe shi ba don waɗannan ba ladansa na raguwa kullum. Risala ta Ibn Abi Zaid, da ɗaliban zaurukanmu ke ɗauka, ta ce ba a ajiye kare a gidajen cikin gari. Masu sharhi sun kawo cewa shi kansa Shehin, da katangar gidansa ta faɗi a Ƙairawan a lokacin tsoro, ya ajiye kare, da aka tuna masa matsayin Imamu Malik sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Ga hadisin da ya hana cin kuɗin kare, ga kuma Sahnun, babban malamin Malikiyya, da ya halatta sayar da wanda aka yi izinin riƙewa. Ba ni zan warware wannan ba, ku ne. Roƙona ku warware shi a fili, da dalla-dalla, samarin nan su ji. Domin abin da suke ji yanzu kalma ɗaya ce, haram, daga nan sai a juya musu baya. Ba su daina kiwon ba, ɓoyewa suka koma yi. Karen da ake ɓoyewa ba a fita da shi ya motsa jiki, ba a kai shi rigakafi da rana tsaka, in ya yi cizo kuma a ɓatar da shi cikin dare. Kunyar da muke sa musu ita ce ke ƙara haɗarin.

Akwai kuma abin da ba a yi saɓani a kansa ba. Mutumin da ya sauka rijiya ya cika takalminsa da ruwa ya shayar da kare mai ƙishi, Allah ya gafarta masa. Matar da ta kulle kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba, ta shiga wuta. Wanda ya kulle kare a kejin kwano ba ruwa ya kamata ya ji hadisin nan na biyu da kunnensa. Haka nan babu cuta babu cutarwa, kuma malaman Malikiyya sun yi bayanin cewa wanda ya ajiye kare mai cizo, aka gargaɗe shi bai ji ba, har karen ya halaka wani, alhakin yana wuyansa, har da diyya. Fiƙihunmu ya riga ya yi magana a kan mai suyar ƙosan nan da wanda ya kamata ya biya mata kuɗin allura. Ba a dai karanta mana babin ba ne.

Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. Dokar laifuka ta Ghana ta 1960 ta sa zaluntar dabba cikin laifuka. Dokar ƙananan hukumomi ta 2016 ta ba majalisu ikon kafa dokokin yankinsu, kuma unguwanninmu suna ƙarƙashin majalisar birnin Kumasi da ta Asokore Mampong, wadda aka cire daga cikinta a 2012. Akwai sashen kula da lafiyar dabbobi a ƙarƙashin Ma'aikatar Abinci da Noma, akwai makarantar likitancin dabbobi a jami'ar KNUST, nan kusa da mu. Abin da ya rage shi ne wanda zai haɗa waɗannan da lungunanmu. Ma'aikacin gwamnati ba ya sanin gidan da kare yake a Sawaba. Mai unguwa ya sani.

Na ji wasu na cewa a hana irin waɗannan karnuka gaba ɗaya. An yi haka a wasu ƙasashe. Denmak ta haramta iri 13 a 2010, ciki har da Boerboel da Caucasian ɗin nan da muke rububi. Ingila ta hana kiwo da sayar da wani irin ƙaton kare da ake kira XL Bully daga ƙarshen 2023. Amma Holand, da ta hana irin karen da ake kira Pitbull tun 1993, ta janye dokar bayan shekara 15 saboda cizon bai ragu ba. A ganina hani a wurinmu zai ƙara tura abin cikin duhu ne kawai, a sauya wa kare suna a ci gaba. Mai karen ya kamata a riƙe. Haka kuma ina roƙo kada a biye wa masu cewa a zuba guba a kashe karnukan unguwa duk lokacin da aka yi cizo. Gubar tana cin kyanwa da akuya da kaji, yara kuma suna wasa a inda aka zuba ta. Masana lafiya sun nuna kisa ba ya tsayar da ciwon hauka, domin wasu karnukan ne ke shigowa su maye gurbi. Abin da ke tsayar da shi shi ne a yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri rigakafi, a riƙa maimaitawa. Da wannan ne duniya ta sa wa kanta wa'adin 2030 na daina rasa rai ta wannan ciwo.

Abin da nake roƙo, ranku ya daɗe, ku kira samarin nan fada. Kira na 'ya'ya, wanda za su zo ba tare da tsoron wulaƙanci ba. A cikinsu akwai waɗanda suka san aikin ƙwarai, masu kai karnukansu wurin likita, masu mayar da kuɗin mai saye in suka ga ba shi da wurin ajiyewa. Ku ɗora ɗaya daga irin waɗannan a kansu, ya zama shi ake tambaya. Kowane mai unguwa ya buɗe littafi: gidan wane, kare iri kaza, ga katin rigakafinsa da sa hannun likita. Wanda ke gidan haya mai tsakar gida ɗaya kada ya ajiye babban kare, ko da maigidan ya yarda, domin ba maigida ne ke rarrafe a tsakar gidan ba. Wanda ke da gidan kansa ya yi katanga da ƙofa mai sakata, ya sa alama a waje, ya yi wa karen inuwa mai iska da ruwan da ba ya yankewa. In zai fita da shi, da igiya mai ƙarfi da takunkumi, a hannun babba, kuma ba lokacin tashin makaranta ba.

Masu haɗa barbara su yi alkawari a gabanku cewa ba za su haɗa karya ba sai ta girma, za su ba ta hutu tsakanin haihuwa, ba za su haɗa jini ɗaya ba, ba za su yi iri da karen da ya taɓa kama mutum haka kawai ba, ba kuma za su saki kwikwiyo kafin sati takwas ba. Kafin su karɓi kuɗi su je su ga inda za a ajiye shi. Karen nan zai yi shekara tara ko goma a raye, mai saye ya san nauyin da yake ɗauka, in kuma ya gaza, wanda ya sayar ya karɓi abinsa maimakon a sake shi a bola. Wanda ba kiwo zai yi ba ya kai wa likita a yi wa dabbar aikin hana haihuwa.

Maganar cizo kuma a yanke ta tun kafin ta faru, a shelanta a masallatai: mai kare shi ke ɗaukar kuɗin asibiti tun daga ranar farko har allura ta ƙarshe, karen kuma a tsare shi kwana 10 inda mai unguwa da likitan dabbobi za su gan shi. Wanda ya ɓatar da karensa bayan cizo, fada ta miƙa shi ga hukuma da kanta. In talaka ya san wannan hukunci na nan, ba zai ji nauyin kai ƙara ba.

Ranar 28 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya. Ina roƙon ku rubuta wa ofishin likitocin dabbobi na yankin Ashanti da majalisun biyu tun yanzu, a nemi su kawo rigakafi cikin unguwanni a wannan mako, a fili ɗaya a Aboabo, ɗaya a Asawase, ɗaya a Sawaba, da sanarwa daga bakin limamai Juma'ar da ta gabace shi. A gayyaci maƙwabtanmu Asante da sauran ƙabilun da muke zaune tare, da shugabannin coci, domin karnukansu da namu lungu ɗaya suke bi. Kiran samarin kuwa ba zai yi wuya ba. Kusan dukkansu suna biyowa ta teburan mahauta da yamma, kuma in kun ba da izini, ni da abokan sana'ata za mu isar musu da saƙon da ranar da kuka sa.

Allah ya ƙara wa sarakuna lafiya, ya saka wa malamai da alheri.

Wassalam.

Ɗanku,
Wani mahauci mazaunin Aboabo, Kumasi